Tsallen Didier a Lyon

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, akwai ranar da har yau ban manta da ita ba: ranar da muka kai Didier Lyon.

Lokacin ni ke kula da bakin dandali a wata ƙungiyar hebi metal, kiɗan nan da in ka jiyo daga nesa sai ka ɗauka maƙera ne ke dambe. Didier shi ne mawaƙinsu na farko. Da shi aka sha wahala a ƙananan mashayun Paris. Ana gab da yin suna ya yi fushi ya fice, wai sun fara sassauta kiɗa. Su suka cika duniya, shi ya ƙare da jera cuku a kasuwar Rungis. Da tsufa ya kawo musu tausayi, suka ce ya zo Lyon ya yi waƙa ɗaya. In ya yi abin kirki, a ƙarasa zagayen garuruwa da shi.

Masu wannan kiɗa suna da al'ada. Idan waƙa ta yi zafi, mawaƙi yakan daka tsalle ya faɗa kan 'yan kallo, su cafe shi, su yi ta miƙa shi hannu da hannu. A ƙungiyarmu abin shiri ne: mawaƙi ya gaya wa shugabar dandali baitin da zai yi tsallen, ita ta gaya mini, ni kuma in cusa ƙarti a sahun gaba don su cafe shi.

A mota na tambaye shi baitin.

Ya ce, "Alhaji, a zamaninmu ba a shirya wa ƙauna. Jama'ata sun san ni."

Na ce, "Didier, jama'arka suna gida suna shafa wa gwiwa magani. Jikokinsu ne za su zo. Kuma cuku bai bar ka yadda ya same ka ba."

Na kai wa shugabarmu, Madam Silvi, magana. Ta ce, "Ya rantse mini ba zai yi tsalle ba." Na ce madalla, rantsuwar mawaƙi ai ta fi ƙarfe. Duk da haka na ajiye ƙartina a tsakiya, inda mai hankali zai faɗa.

Gaskiya muryar tana nan. Da ya kurma ihun farko, har makaɗin ganga ya waiwayo. Madam Silvi ta raɗa mini, "Mun tafi zagaye da shi." Ba ta rufe baki ba sai ga Didier ya ruga gefen hagu, ya buɗe hannuwa kamar shaho, ya tashi.

Yaran wurin kowa riƙe da waya yana ɗaukar sa. Suka dare masa cikin ladabi don hoton ya fito da kyau.

Ya karye a ƙugu. Aka ci gaba da zagaye babu shi. Da na je duba shi a asibiti, ya nuna mini bidiyon a waya yana murmushi: "Alhaji, ka ga yawan masu kallona?"

Na ce, "Na gani. Allah ya sawwaƙe."

Na yi aiki a Hamburg, na yi a Istanbul da Kwatano, ko'ina haka abin yake. Ko ɗan bori a Maraɗi ba ya zubewa sai ya hango mai tare shi. Don haka in mawaƙi ya ce muku jama'a na son sa, ku ce haka ne, sannan ku je ku tsaya a ƙasa. 'Yan kallo sun zo kallo ne, har da na faɗuwa.