Inda Ake Ɗaga Filafili

Tsibirin da aka haife ni yana kudu da Yelwa, yanzu kuwa ruwa ya shanye shi. A gabashinsa akwai wata gaɓa mai rairayi da ba a shanya taru a kanta. Duk jirgin da ya zo daidai da ita, matuƙa sukan ɗaga filafili, a yi shiru har a wuce. Ni dai na ɗauka wurin iskoki ne.

Shekarar da na gama jami'a aka ce madatsar Kainji za ta rufe tsibirin, kowa ya tashi. Muna ɗaure tukwane Inna ta ce, "To su kuma, wa zai kwashe su?"

"Su wa, Inna?"

Ta dube ni. "Duk karatun nan naka, ba a gaya maka ba?"

Ina tsoron in ƙara abin da ba ta faɗa ba. Ta ce a farkon zamanin Turawa sojoji suka zo cikin jirage. Mutanen gari suka fito tarbarsu a gaɓar, maza sun ɗaga filafili sama, yadda muke gaida manyan baƙi, mata riƙe da ƙoren ruwa. Aka buɗe musu wuta. Kakarta na cikinsu. Jaririyar da aka kwanto daga bayan gawarta ita ta haifi Inna. A gaɓar nan aka binne duk waɗanda aka kashe.

Tukunyar hannuna ban san lokacin da na ajiye ta ba. Na yi wanka kusa da wurin nan. Na tambayi dalilin harbin, ta ce wa ya tsaya tambaya?

Na yi ta kai-komo wajen masu aikin tashin, ko za a yarda a kafa wata alama mai tsawo. Wataƙila ban iya bayani ba. Ruwa ya riga mu.

Da tafkin ya cika, Inna ta ce a kai ta. Kawu, ƙaninta, ya tuƙa mu. Ba itace, ba tudu, ruwa ne iyakar gani.

"Nan ne," in ji shi. Sai ya waiwaya. "Ko can gaba kaɗan."

"Kai da ka tsufa a kogin nan?"

"Yaya, kogin ma ina yake?"

Inna ta daɗe tana duban ruwan. Sannan ta ce ya ɗaga filafilin kawai. Ya ɗaga, ni ma na ɗaga nawa. Iska ta yi ta jan mu, ba wanda ya san inda ya kamata a sauke.