Ashafa da Motar da Aka Ce Ta Tsani Tajuddeen

Kafin shagunan mamak, wato na Indiyawa masu shayi a unguwar Setapak, su gama sallamar masu shayin safe, Malam Ashafa ya riga ya ɗaga murfin injin motarsa. Ya duba ruwa, ya zaro sandar baƙin mai ya goge, sannan ya buɗe waya ya ga wa ke da lalura yau. Ba a taɓa rasawa. Wani zai tashi daga Danau Kota zuwa Sri Petaling da katifa da firji, wata ta sayi buhun shinkafa ta rasa mai ɗauka. Digirin digirgir ya kawo shi Kuala Lumpur a 2013, amma cikin 'yan Arewa da wuya ka sami mai gaya maka abin da yake bincike a kai. Lambar motarsa kuwa har yara sun haddace.

Tsohuwar a-kori-kura ce mai kujeru gaba da baya, ya saye ta a hannun wani manomi. Ladansa bai wuce kofin shayi da "Allah ya saka" ba.

Ana nan sai motar ta ɗauko sabon hali. Ana cikin tafiya, in ya taka totur sai ta yi jim, ta yi tari, ta fizga kamar mai in'ina. Ba kullum ba. Mutanenmu kuwa ba a bar su a baya wajen lura ba, nan da nan suka gano cewa ba ta yi sai Tajuddeen na ciki. Tajuddeen ɗalibi ne ɗan Zariya, mutum mai jiki da yawan gumi, wanda kujerar gaba ce kaɗai ke ɗaukarsa.

Bala, sarkin tsokanar unguwar, shi ya fara. "Wallahi guy ɗin nan farar ƙafa gare shi, lah," in ji shi, har da "lah" ɗin da 'yan garin ke rufe magana da shi. Ya laƙaba masa suna Kashe-mota, sunan ya bi shi har masallaci. Wasa-wasa mata suka daina sa 'ya'yansu a motar in yana ciki. Tajuddeen yana taya su dariya, amma a hankali ya koma hawa bas. Ashafa ya ga haka, kuma abin ya dame shi ƙwarai.

Sai ga labari, Nuriyya matar Tajuddeen za ta iso daga Kano, bayan ya daɗe yana fama da neman bizarta. Kayanta kuwa sai a-kori-kura.

"Ka zauna gida ka ɗora mata shayi," in ji Bala. "Mu za mu ɗauko ta. Hanyar airport ba wajen wasa ba ce, motar nan ta mutu a highway mun shiga uku."

Aka yi dariya, wasu kuma suka ce gaskiya ne. Tajuddeen ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Nan ne Ashafa, wanda ba a san shi da ɗaga murya ba, ya ce kowa ya same shi wajen ajiye motoci da safe.

"Shigo, Malam Taju. Hannu biyu a cinya kamar mai zaman tahiya. Kada ka taɓa komai."

Suka zaga unguwa, mota lafiya lau.

"To, yanzu yi abin da ka saba."

Bai rufe baki ba Tajuddeen ya murɗa na'urar sanyi har ƙarshe, ya jona waya a caji, ya kunna rediyo. Ashafa ya ƙara da fitilu da abin share gilashi, ya taka totur. Motar ta yi tari, fitilun gaban direba suka dushe. Ya sauke Tajuddeen, ya kira Bala, wanda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, ya sa shi ya kunna komai haka. Motar ta yi tarin da ya fi na ɗazu.

"Bala, ashe kai ma farar ƙafa gare ka."

Da dariya ta lafa ya yi musu bayani. "Ba mutum ta tsana ba, wuta ce ba ta isar ta. In kowa ya ja rabonsa, fulogi ƙanzo yake samu."

Saura a san inda wutar ke maƙalewa. Ya danna bel ɗin caji, a ɗaure yake. Ya auna batir, lafiyarsa ƙalau. Sai ya ɗauko wayar tayar da mota ya haɗa kan batir na baƙar waya da jikin inji kai tsaye, ya kunna komai. Inji ya daidaita. Da ya bi tsohuwar wayar da ke wannan aikin, ya tarar danshin garin nan ya cinye bakinta, ya yi kore shar. Ya kankare, ya goge, ya ɗaure tamau.

Ranar tarba Tajuddeen ne a gaba, har da sabuwar hula. Aka loda jakunkuna masu ƙanshin daddawa, ya koma baya ya matsu don Nuriyya ta zauna a kujerarsa. Tana shiga ta ce, "Kai, wannan gari da zafi yake!" Ta miƙa hannu ta murɗa na'urar sanyi har ƙarshe. Tajuddeen ya runtse ido yana salati. Ashafa ya taka totur, mota ta miƙe hanya ba ko tari.

Kai ne, Ashafa, jirgin fiton Setapak. Kai ne ka ga ana cin naman mutum da sunan wasa, ka ƙi wa'azi, ka ɗauko sifana. Mun sha ganin ka gyara mota, amma ran nan sunan ɗan'uwanka ka wanke.

Yanzu Ashafa ya kammala karatu, wata mai zuwa zai koma gida. Mun gode, Malam, Allah ya saka da alheri, ya kai ka lafiya. Mu da muka rage, in abu ya lalace mu ɗaga murfi mu duba waya kafin mu ɗora wa wani.

Makullin motar kuwa ya riga ya damƙa shi a hannun Tajuddeen. Jiya aka ga Bala tsaye a bakin titi da firjinsa, yana roƙo da yaren garin, "Malam Taju, boleh? Za a taimaka?"