Audugar da Ta Hau Fulawar Maman Amara

Idan ka shigo layinmu a unguwar Congo-Russia ta Jos ka tambayi Theodora, kallon-kallo za a tsaya yi. Amma ka ce Maman Amara mai fulawa, ko yaron goye ya san gidan. Ni a gidan nake haya, ɗakin bakin ƙofa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Daga wajen Nsukka aka kawo ta Jos tana amarya, ba ta jin ko "zo in kashe ki" da Hausa. Mijinta Okwudili direba ne a gidan wani babban ma'aikaci a Rayfield. Shi ne wata rana ya dawo da 'yan rassa a leda, waɗanda aka sare aka zubar a bayan gidan ogansa, ya kafa su a tsofaffin bokitan fenti, suka kuwa kama. Haibiskos ake kiran shukar. Furenta kamar na kuɓewa yake, sai dai ja wur ne, kuma ya kai tafin hannu. Okwudili ya rasu, 'yarsu Amara ta yi aure a Fatakwal, aka bar Mama da ɗan shagonta na garin rogo da manja da busasshen kifi, sai kuma bokitan nan jere a gindin katanga. Da su take fara gaisawa da safe kafin ta amsa tawa gaisuwar.

Bayan katangar nan kuwa gidan Malam Nura ne, mai ɗura filo da katifar jarirai da audugar rimi. A tsakar gidansa yake shanya audugar yana bugunta da tsumagiya. A tsakiyar katangar akwai giɓi, inda ruwan wata damina ya zubar da bulo har zuwa ƙugu, ba a kuma taɓa gyarawa ba. A nan Mama da Fiddausi matar Malam Nura suke kwashe rabin yininsu. Ta nan naman Sallah ke shigo mana, ta nan shinkafar Kirsimeti ke fita. Shekarun da gari ya rikice, mutane suka yi ta kwashe kaya kowa na neman unguwar nasa, gidajen nan biyu ba su gusa ba. An ce ta giɓin nan aka riƙa miƙa yara, wani lokaci daga can zuwa nan, wani lokaci daga nan zuwa can. Ba sa son maganar, ni ma ba zan ja ta ba. Reshen dogon yaron gidan Malam Nura ya ratso ta saman giɓin yana yi wa matan biyu inuwa.

Bazarar bara Mama ta sayo wata sabuwar shuka mai ganye rawaya-rawaya a bakin titin Rayfield, ta ajiye cikin 'yan'uwanta. Ba a jima ba sai wani farin abu ya fara bayyana a jikin haibiskos, a hammatar ganye da wuyan fure, curi-curi. Ganyen ya riƙa danƙo, daga baya ya yi baƙi-baƙi, furen kuma tun bai buɗe ba yake faɗuwa. Tururuwa na hawa da sauka kamar an buɗe kasuwa.

Mama ta rasa gane kan abin. Ta ƙara ruwa, ta rage ruwa. Ta zuba kashin kaji, aka ce ya yi zafi, ta kwashe. Wata mai sayen manja ta ce fumfuna ce, wani ya ce tsufa ne, ni kuma da nake gyaran waya na ce wataƙila rana ce ta yi yawa, muka kwashe bokitan zuwa inuwa, muka sake mayar da su. Ta share farin abin da tsintsiya, kwana kaɗan ya dawo. Sai wata safiya tana tsaye da tsintsiyar, Malam Nura ya fara bugun auduga, iska ta ɗebo ɓurɓushinta ta giɓin, wani ya sauka daidai kan ganyen da take kallo. Ta dubi wannan, ta dubi wancan. Wallahi ni ma da na duba ban ga bambanci ba.

"Fiddausi! Zo ka gani," in ji Mama, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "Auduga na maigidanka ya gama da fulawa na."

Fiddausi ta zo tana dariya. "Haba Maman Amara, shekara nawa muna bugun auduga a nan? Sai bana ta koyi cin fulawa?"

"To wannan mene? Ni ne na zuba?"

Fiddausi ta leƙa, dariyar ta ragu. Ita ma auduga ta gani. Ta ce ikon Allah, ta ce za ta yi wa Malam magana. Da a nan aka tsaya da ba komai, amma Mama ta kwana biyu ba ta barcin kirki, baki kuma shi ke yanka wuya.

"Wannan fulawa shi kaɗai ya rage mani na Okwudili," ta ce. "In kun gaji da zama da mu a layi, abeg ku faɗa kawai."

Na ga fuskar Fiddausi a lokacin, ban ji daɗin gani ba. Ta gyara mayafinta ta koma ciki.

Malam Nura mutum ne mara yawan magana. Ya mayar da shanyarsa can ƙuryar gida, farin abu bai daina ba. Ya rataya tamfol a giɓin, bai daina ba. Mama ta aike ni in faɗa masa har yanzu fa, na je ina jan ƙafa. Ya saurare ni, ya ce, "Ka ce mata ta yi haƙuri, za a yi maganin abin." Kashegari sai ga magini da bulo. Aka sare reshen dogon yaro don a sami wurin aiki, aka toshe giɓin, aka ƙara wa katangar tsawo har ta wuce kan mutum. Mama na tsaye tana kallo, hannu a ƙugu, da alama ba haka take nufi ba, amma ba ta san abin da take nufi ba balle ta hana.

Ta goge kowane ganye da tsumma, ta ce an huta. Kafin sati ya zagayo auduga ta dawo, ta ma fi ta dā yawa.

Nan ne ruɗu ya kai ruɗu. Mama ta bi katanga da tafin hannu tana neman ɓula. Ta jiƙa yatsa ta ɗaga sama ta ga ta ina iska ke zuwa. Ta tambaye ni ko da hannu ake jefowa, sai kuma ta yi sauri ta ce a'a, Fiddausi ba za ta yi haka ba. Ni da nawa ilimin na ce wataƙila audugar ta yi iri ne tana tsirowa a jikin reshen. Ta harare ni, amma na ga ta tsaya tana tunanin maganar.

Daga ƙarshe ta ce in ɗaukar mata bokiti ɗaya mu je wurin Magadaliya, matar da ke sayar da shuke-shuke a bakin titin Rayfield, inda ta sayo mai ganye rawayan nan. Muka shiga keke, bokiti a cinyata. Mama ta fara ba da labarin maƙwabci da audugarsa, Magadaliya kuwa ba ta jira ƙarshe ba. Ta sa babban yatsa ta murje curi ɗaya, sai ga wani ɗan ruwa ja-ja a yatsan.

"Mama, auduga tana jini ne? Ƙwaro ne wannan. Sa tabarau ki duba."

Mama ta lalubo tabaraunta na karanta Littafi Mai Tsarki. Magadaliya ta yaye farin da tsinke. A ƙarƙashi ga wani ɗan abu kamar ƙwayar riɗi, da 'yan ƙafafunsa, yana tafiya a hankali abinsa.

"Chineke!" in ji Mama. "Yana tafiya."

Magadaliya ta ce ruwan jikin shukar yake tsotsa, farin nan rigarsa ce, shi ya sa ko an watsa ruwa ba ya jin komai. Danƙon ganyen kashinsa ne, zaƙi gare shi, shi tururuwa ke bi, har gadinsa suke yi. Ta ce a yanke rassan da suka lalace a ƙone, a jiƙa ganyen dogon yaro da aka daka ya kwana, a tace, a ɗan kaɗa sabulu a ciki, a wanke shukar da shi har bayan ganye, da yamma in rana ta yi sanyi. Kuma ba sau ɗaya ba, duk sati, har sai an daina gani.

"Daga ina ya zo?" Mama ta tambaya.

Magadaliya ta ɗan kawar da kai wajen titi. "Yawanci a jikin sabuwar shuka yake zuwa." Sai ta ƙara da sauri, "Akwai dogon yaro kusa da ke?"

Muna dawowa gida Mama ta nufi wajen bokitan. Ta ɗaga ganyen mai rawayan nan, ƙarƙashinsa fari fat. Da kuɗinta ta sayo, da hannunta ta ajiye.

Dogon yaro ɗaya ne a layinmu. Da yamma Mama ta ɗaura sabon zane, ta riƙe reshe mai ƙwaron, ta fita ta zagaya ta titi. Na bi ta daga nesa. Ta tsaya a ƙofar gidan Malam Nura tana waige-waige, don duk zaman da suka yi ba ta taɓa shiga ta nan ba. Fiddausi ta fito. Mama ta murje curin a gabanta, ta nuna mata yatsa, ta yi ta magana Hausa da Ibo na cakuɗe mata, tana ba da haƙuri. Fiddausi ta duba da kyau ta ce, "Ashe mai rai ne." Ta shiga, ta fito da ganyen dogon yaro cike da faranti.

"Ba komai, Madam," ta ce. "Allah ya sa a dace."

Madam. Ban taɓa jin kalmar a bakinta ba sai ranar, kuma na ga yadda ta sauka a kan Mama.

Maganin ya yi aiki. Da damina ta kankama haibiskos ta yi sabon toho, yanzu furen har ya fi na dā. Katanga kuma tana nan, siminti ya riga ya kama. Tun daga satin da ya biyo baya, duk Asabar da hantsi sai ɗaurin ganyen dogon yaro ya faɗo ta saman katangar, tim, kusa da bokitai. Mama takan ɗaga murya ta ce, "Na gode, Fiddausi!" Ba a amsawa, sai dai ka ji takun silifa yana komawa ciki.

Ƙwaro ya daɗe da ƙarewa, ganye bai daina faɗowa ba. Asabar ɗin da ta wuce Mama ta ɗauki ɗaurin, ta juya shi a hannu, ta dube ni.

"Kai da ka iya Hausa," ta ce, "faɗa mani. Ya yafe mani ne, ko don kar in sake zuwa ƙofa nasa ne?"

Ba ta tsaya jiran amsata ba. Ta shiga ta ɗauko turmi.