Gidan Tsuruko Mai Tauraro Ɗaya

Tsuruko Kanamori ba ta taɓa yabon abin da yake nata ba. In ta kawo maka shinkafa da gasasshen kifi sai ta ce, "Yi haƙuri, ba daɗi." Shekara hamsin da ɗaya tana aure da Shigeo kafinta, a gaban baƙi "wannan ragon tsohon nawa" take ce masa, shi ko sai murmushi. Haka aka rene ta a Toyama ta ƙasar Japan, mu maƙwabtanta kuma a haka muke sonta.

Bayan rasuwar Shigeo gwiwoyinta suka fara gardama, 'yarta ta ce ta komo wurinta birni. Gidan katakon da ya gina da hannunsa kuwa, ko a samu ɗan haya ko a rushe shi. Dillali ya ce masu haya yanzu sai sun ga takardar taurari, mai nuna yadda gida ke riƙe ɗumi.

Da mai awon ɗumin gidan ya zo, wani mai sanƙo wai shi Hosoda, ta tare shi da shayi.

"Shigo, ka yi haƙuri, kango ne kawai. Ji iska ta tagar nan. Bangon ma fanko ne, ƙwanƙwasa ka ji."

"Haba Kaka, gida kamar wannan!" in ji shi, yadda ladabi ya tanada. Amma hannunsa bai daina rubutu ba.

Tauraro ɗaya tak aka ba gidan, maki mafi ƙanƙanta. Tsuruko ta yi kwana uku abinci ba ya shiga, gani take da bakinta ta kai ƙarar mijinta.

Ran da wasu mata da miji suka zo dubawa, matar ta kalli takarda, ta fara laluben takalminta. Tsuruko ta riƙo mata hannun riga.

"Sanyi kam akwai, 'yar nan, sai kun sayi safa. Amma sau uku ƙasa na girgiza, ko ƙofa ɗaya ba ta cije ba. Ginshiƙan nan ba ƙusa a jikinsu. Mijina ya yi shi, kuma duk garin nan ba a yi kafinta irinsa ba."

Kunya ta kama Tsuruko har kunnuwanta suka yi ja. Matar ta ajiye takalmi, ta ce a nuna mata kicin, kuma a ranar suka karɓi gidan.

Da suka tafi, Tsuruko ta zauna bakin ƙofa ta yi kuka sosai, don Shigeo bai taɓa jin ta faɗi haka ba.