Hancin Kawu da Tankin Baba

A bakin Inna na fara jin sunan, ranar da take shakkar wata madara ta ce, "A kai wa Mai Hanci ya shinshina." Ashe yayan Babana take nufi, Kawu mai walda, wanda ba ya kusantar tankin mota da wuta sai ya kafa hanci a bakinsa.

Shekara talatin yana sana'ar, yatsunsa goma cif. Sai ya sauke tanki, ya wanke da ruwan zafi da sabulu sau uku, ya cika shi da ruwa har kusa da tsagar da zai yi wa walda, murfi a buɗe. Direbobi na yi masa tsiya wai wankan jariri yake yi.

Wata rana Baba, da yake direba ne, ya kawo tankinsa da ke yoyo, ya tarar Kawu ya fita cin abinci. Kwana uku bai yi lodin fasinja ba, shi kuma ya ɗan taɓa walda da ƙuruciya, sai ya kunna wuta da kansa.

Tun daga bakin ƙofa warin fetur ya daki hancin Kawu. Ya hangi ƙaninsa a tsugune, harshen wuta saura taƙi ɗaya ya taɓa ƙarfe. Bai yi ihu ba, kada hannun ya zabura. Ya yi wuf ya murɗe kan tukunyar gas, wutar ta mutu.

"Haba Yaya! Kwana uku yana rana, ko ɗigo babu."

"Ɗigo ne ke fashewa, sarkin gaggawa? Tururin ne. Miƙo tiyo."

Ruwa ya cika tankin, sai ga fetur ya taso daga lungunan ciki, yana walƙiya a saman ruwan. Baba ya zauna daɓas a kan tsohuwar taya. Kawu ya sauke ajiyar zuciya, ya dafa kan ƙaninsa kamar yaro.

"Alhamdu lillahi. Da me zan ce wa matarka?"

Da na gama sakandare, Kawu ya kira ni shagonsa ya miƙo mini gwangwanin fenti.

"'Yata, hancin nan ya fara tsufa. Ke mai boko, rubuta mini a bangon nan, manya-manya yadda ubanki zai gani daga titi: tankin da ba komai a ciki, shi ne abin tsoro."