Baƙon Ɗaki na Huɗu

Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin ruwa a tsibirinmu ya ga Anezina, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai shuɗin ɗankwali da ke tsayawa a bakin gaɓa riƙe da kwali, an rubuta "akwai ɗakuna" da harsuna uku, biyu daga ciki ita kanta ba ta iya karanta su. Shekara arba'in tana wannan tsayuwa. Mijinta Zannis yana bayanta, da farko da jaki, daga baya da babur mai ƙafa uku, yana loda akwatunan baƙi yana yi musu surutun da ba sa ji.

Ɗakuna huɗu gare su a saman gida. Na huɗun shi ne abin alfahari, taga biyu da baranda mai kallon teku, in gari ya yi fes har duwatsun tsibirin Ikariya ake hangowa. Su kuwa masu gidan, a ɗan ɗakin bayan kicin suke kwana, tagarsa tana kallon akurkin kaji. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Anezina ta share ɗaki na huɗu ya fi sau dubu, ta goge zannuwansa, ta kori sauronsa, amma ko kishingiɗa ba ta taɓa yi a gadonsa ba.

Tana da doka guda da ba ta takuwa. Duk baƙon da ya iso, kafin ya kwance kayansa, sai ta kawo masa zaƙin cokali: ɓawon lemu mai ɗaci da ta dafa da sukari, cokali ɗaya tak a ɗan faranti, da kofin ruwan sanyi, a kan tiren azurfa da ta gada wurin uwarta. Tiren nan na baƙi ne. Ɗan gida ba ya ci a kansa, haka ta taso ta gani. Zannis kuwa kwaɗayayye ne na bugawa a jarida, da ta juya baya ya tsoma yatsa a kwalba, ita kuma ta make hannun da ludayi.

"Ranar da ka zama baƙo ka ci," in ji ta.

Shi kuma amsarsa ɗaya ce kullum. Ai kuwa zai zama baƙo, ita ma ta zama baƙuwa. Baɗi, in baƙi sun watse, 'yar bazarar Waliyyi Dimitiri ta shigo, wato kwanakin ɗumin nan na ƙarshen Oktoba da teku ke kwantawa, zai ɗauke ta su tafi Ikariya, su jiƙa gwiwoyinsu a ruwan zafin da ke ɓulɓulowa a bakin teku. Ta zauna ta miƙe ƙafa, wata ta kawo mata tire.

To, baɗin Zannis ba ta da ranar zuwa. Wata shekarar zaitun ya nuna da wuri, wata shekarar rufin ya yi yoyo. Aka haifi 'yarsu Flora, uwar Anezina ta kwanta jinyar shekara shida, jaki ya mutu, Flora ta yi aure a Atina, babban birnin ƙasa, ta haihu. Ba ƙarya yake yi ba, wallahi, da gaske yake faɗa kowace shekara. Abin da ya fi ban haushi ke nan, ba ka da wanda za ka kama da laifi.

Shekara biyu da suka wuce mantuwa ta fara kama shi. Da farko makulli ne a cikin firji, aka yi ta dariya. Sai wata safiya a tsakiyar Janairu aka tsince shi a gaɓa, ruwan sama na dukansa, wai yana jiran baƙi. Da Flora ta zo bikin Ista ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Likitan da suka gani a Atina bai yi kwana-kwana ba, ya ce wa Anezina duk abin da take so ta yi da mijinta, ta yi shi bana. Abu biyu ne Zannis bai saki ba: ya san matarsa, ya kuma san akwai alkawari a wuyansa. Kowace safiya yana shan kofi sai ya ɗago ya tambaye ta yaushe za su. Abin da take so bai wuce wannan ba, su je yana sane da ita, ya san ya cika maganarsa.

Sai ga matar da ta yi shekara arba'in tana ba da ɗaki ba ta san yadda ake neman ɗaki ba. Stamatis mai sayar da tikiti ne ya samo mata lambar wata mai ɗakuna a can. Anezina ta buga waya, ta shiga jero tambayoyi: ana goge zannuwa ko ninkewa kawai ake yi, tagar tana kallon teku ne ko kallon gefen teku, matakala nawa ce, akwai kare? Matar ta saurara har ta gaji, sannan ta ce da ji ke ma 'yar sana'a ce. Suka yi dariya kamar sun san juna tun kan iyaye.

Ta sauko da akwatin da wani baƙo ya bari tun shekarun baya, ta shanya shi a rana kwana biyu. Ta saya wa Zannis hular kaba sabuwa. Maƙwabciyarta Kalliyo ta karɓi riƙon kaji da tsiya a bakinta, wai amarya da ango za su yawon amarci da sanda da maganin hawan jini. Anezina ta ce ta dai kula da baƙar kazar, tana shan ƙwai.

Sai dai in kakar baƙi ta wuce, jirgin da ke bi ta Ikariya sau ɗaya yake zuwa mana a mako, ranar Talata. Talata uku suka rage kafin a janye shi sai bazara. Bayan nan sai dai mutum ya zagaya ta Atina, kwana biyu a hanya da canjin jirgi, abin da Zannis ba zai iya ba.

Talatar farko, tun Lahadi iskar arewa ta taso. Mu nan ba ma buƙatar rediyo, in ka ji ƙofofi suna bugawa ka san maganar: an ɗaure jirage. Anezina ta ce ba komai, saura biyu. Ta kunna kyandir a coci, ta ɗan yi wa Waliyyi Dimitiri gori a ranta, shekara arba'in yana ba wa baƙinta rana, ita guda ɗaya take roƙo.

Talata ta biyu iskar ta faɗi da asuba. Suka yi wanka, suka sa kayan Lahadi, suka gangara gaɓa. Wannan karon ba kwali a hannunta, har ba ta san inda za ta sa hannun ba. Jirgin ya ɓullo ta bayan dutse, fari ƙal. Amma iska in ta tafi takan bar igiyar ruwa a baya, gaɓar tamu kuwa ba ta da kariya. Matuƙin ya juyo da bayan jirgin, ruwa ya ɗaga shi ya jefar, ya sake gwadawa, har sau uku. Daga nan ya busa ƙaho mai tsawo ya miƙe hanyarsa. Tsakaninsu da ƙofar jirgin bai fi jifa ba. Zannis ya cire sabuwar hularsa yana ɗaga masa hannu da murna, kamar yadda ya saba yi wa baƙi masu tafiya. Anezina ta tsaya kawai. Wa za ta zaga? Teku?

Talata ta uku ma ba a yi maganar jirgi ba, ruwa har kan titi yake watsowa. Duk da haka ta sa masa kayansa suka je gaɓa, don ba ta iya zama. Stamatis ya leƙo daga shagonsa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna Anezina, ki yi haƙuri. Sai baɗi kuma."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, bawan Allah. Amma da mari ya kwaɗa mata da ya fi sauƙi.

Suka hau gida da rana tsaka, Zannis ya ƙi sakin akwatin. Da suka iso ƙofa ya tsaya yana kallon farin bango da tukwanen fure, ya tambaye ta ko sun iso Ikariya ne. Bakinta ya buɗe zai ce a'a, sai ta ji ta ce e. Ta kama hannunsa suka hau bene, ta buɗe ɗaki na huɗu, ta tura tagogin. Ya fita baranda ya zauna a kujerar baƙi, ya ajiye hula a gwiwa, ya ce, "Kin gani, Anezina? Na ce miki zan kawo ki." Ya kira sunanta sarai, da kunnenta ta ji.

Da ma ta tsaya a nan. Da ta ja ɗaya kujerar ta zauna kusa da shi, da shi ke nan. Amma daɗi ya ɗebe ta, ga hannun da ya saba ba ya ganin mutum a ɗakin nan ya ƙyale. Ta ce a ranta yau kam ya zama baƙo, bari ta biya shi bashin ludayi, ya yi dariya. Ta sauka ta goge tiren azurfa, ta ciko cokali har yana ɗiga, ta ɗaura gyauton aikinta don kada zaƙi ya ɓata kayan Lahadi, ta hau.

Zannis ya ga tire. Ya dubi tiren, ya dubi mai ɗauke da shi, sai ya miƙe tsaye da ladabi. Shekara arba'in ya san abu guda: matarsa ba ta kawo masa tire. Wadda ta kawo maka tire, mai ɗakuna ce.

"Na gode, Kiriya," ya ce, wato uwargida, kamar yadda baƙi ke ce mata. "Allah ya yi wa hannuwanki albarka."

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ya ɗanɗana a hankali, ya ce irin na matarsa ne sak, sai dai ita ba ta bari ya ci.

"Zannis, ni ce fa."

Ya yi mata murmushin da ake yi wa mutumin kirki da ba a gane maganarsa ba. Ta dire tiren, ta kwance gyauton, ta fita ta sake shigowa hannu wayam. Ta faɗi sunan jakinsu, ta faɗi ranar aurensu, ta nuna masa zoben. Ya saurara da kyau, sannan ya ce ita ma ashe an sha gwagwarmaya. Sai ya matso da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman alfarma.

"Matata tana tafe, Kiriya, ta tsaya rufe kaji ne. In ta iso, don Allah ki kawo mata nata a tiren nan, kuma kada ki bari ta taya ki komai. Tun da na aure ta ba ta zauna ba."

Likita ya ce ba tiren ba ne, ranar ce ta zo, da tire da babu za ta zo. Flora ma haka ta ce a waya tana kuka. Anezina ta ji su, ba ta musa ba, amma ba ta yarda ba har yau.

Yanzu Zannis a ɗaki na huɗu yake zaune, ya ƙi komawa ƙasa, wai ba ya son shiga wa masu gida. Baƙo ne mai daɗin sha'ani, yana gyara gadonsa da kansa. Kowace safiya Anezina takan hau da tire, ya miƙe ya gaishe ta, ya tambaya ko jirgi ya kawo matarsa. Takan ce an ɗaure jirage. Sai ya gyaɗa kai, ya ci rabin cokalin, ya ture rabin gefen faranti, ya roƙe ta ta rufe kada ƙuda ya hau kafin ta iso.