Ranar da abokin Baba ya ɗaga rigarsa

Wata biyar Baba yana ganin jini a bayan gida, yana ce wa ciwonsa basir. Ni da nake dafa masa abinci na ga kwano yana dawowa rabi, wando kuma yana neman zame masa. Ya haura sittin a lokacin, yana sayar da atamfa a kasuwar Tamanrasset tun tasowarmu daga Damagaram. Da na ce mu je likita sai ya ɗaure fuska.

"Ke, ɗiya ba ta yi wa ubanta zancen bayan gida."

Na san abin da ke riƙe shi. Takardunsa na zama sun daɗe da mutuwa, kuma tsofaffinmu sun yarda daga ƙofar likita sai motar jandarma. Ga shi ya ji yadda ake awon hanji, wai ta ƙasa ake zura abin dubawa. Ya rantse gara a binne shi da mutuncinsa. Haushi ya cika ni, tsoro ya fi. Wani tsohon magini ɗan Maradi haka ya yi ta shan saiwa har ciwon daji ya cinye shi, ba a taɓa auna shi ba.

Sai na kai ƙara wurin abokin shayinsa, wani Buzun Tazruk, ɗan ƙasar, tsohon direban gwamnati da ya koyi Hausa a hanyar Agadez. Shekara goma sha biyar yana zuwa gidanmu ban taɓa ganin bakinsa ba. Ko shayi ta ƙarƙashin amawalin rawaninsa yake kai shi.

Washegari da la'asar ina miƙa musu gawayi, sai Buzun ya ajiye kofi, ya ɗaga rigarsa har ƙirji. Tabon ɗinki ne daga cibiya ya yi ƙasa. Na rasa inda zan sa idona.

"Alhaji, ka fi ni kunya ne? Ni katin aiki ya sa aka auna ni a arewacin ƙasar nan, aka yanke abin da aka gani a hanjina, ga ni ina shan shayinka. Kai ba ka da kati, amma kana da ni. Wanda zai tambayi takardarka ya fara da tawa."

Da likitocin arewa suka zo zagayen duba marasa lafiya, su biyu suka tafi, Baba yana tafe yana mita. Ba wanda ya kira jandarma. An sami ɗan tsiro a hanjin, aka cire shi tun bai zama ciwon daji ba.

Bayan kwanaki na shiga ɗaukar kwano, na tarar ya suɗe shi tas. Har na kai ƙofa sai ya yi gyaran murya, fuskarsa tana kallon bango.

"Ɗiyata, jinin ya tsaya."

Na ce masha Allah, na fita da sauri, don kar ya ga ina kuka.